LAFIYAR IYALI: In Likita Bai Ji Bakinka Ba

 

Kwanakin baya mun raka wata 'yar'uwa asibiti. Muna zaune a benci muna jira a kira katinta. A gabanmu akwai wata tsohuwa daga ƙauyukan kan dutse, tare da jikanta, yaro ɗan aji biyar ko shida a firamare. Tsohuwa ba ta jin Turanci, Hausarta kuwa ta gaisuwa ce da ta cinikin kasuwa. Likitan da ke aiki ran nan saurayi ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, bai daɗe da zuwa ba, ba ya jin Hausa. Ƙofa a buɗe take, muna jin kome. Likita ya yi tambaya da Turanci. Yaro ya juya wa kakarsa da yarensu. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta yi bayani mai tsawo, tana dafe da mararta. Da ta gama, sai yaro ya dubi likita ya ce masa cikinta ke ciwo. Maganar da ta ci minti biyu ta koma kalma uku. Aka rubuta magani, suka fita.

Sauran abin da tsohuwa ta faɗa ya tsaya tsakaninta da jikanta. Wataƙila yaron bai san sunan abin da Turanci ba. Wataƙila kuma ya sani, amma wane ɗa ne zai buɗe baki ya faɗi sirrin jikin kakarsa a gaban baƙo? Ba mu ga laifin yaro ba, ba mu ga na likita ba. Amma mun koma gida zuciyarmu ba daɗi, gama mun san magani ba ya wuce labarin da aka ba mai rubuta shi. In labari ya isa rabi, magani ma rabi ne.

Abin da muke so mu faɗa a wannan wata ke nan. Mai ciwo ya ji abin da likita ya ce, likita kuma ya ji abin da mai ciwo ya ce, wannan ba alfarma ba ce da ake yi wa mutum in an ga dama. Yana cikin aikin magani kamar yadda allura da ƙwaya suke ciki.

Kalma ɗaya ta gurgunta saurayi

Wannan wahala ba a ƙasarmu kaɗai take ba. Amurka tana cikin ƙasashen da suka zauna suka rubuta ƙa'idodi a kanta, domin can ma ta sha wuyarta. Ana magana da harsuna fiye da 350 a gidajen Amurka, mutum wajen miliyan 25 kuma ba su iya Turanci sosai ba. Bari mu ba ku labari biyu daga can.

Cikin shekara ta 1980, a jihar Fulorida, aka kawo wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Iyalinsa mutanen Kyuba ne, Sifaniyanci suke ji. Suka faɗi wata kalma wadda a bakinsu ma'anarta ita ce ya ci ko ya sha wani abin da ya ɓata masa ciki. Kalmar kuwa ta yi kama da wata ta Turanci mai nufin buguwa. Ma'aikata suka ɗauka saurayi ya sha ƙwaya ne ta yi masa yawa, suka yi ta yi masa maganin haka. Ashe jini ne ke zuba a cikin ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, kwana biyu sun wuce. Ya rayu, amma hannuwa da ƙafafu duka sun shanye. Aka yi shari'a, aka daidaita a kan diyya ta wajen dala miliyan 71. Kuɗi ne mai yawa, amma bai tā da shi tsaye ba.

Labari na biyu ba na harshe kaɗai ba ne, har da al'ada. Kabilar Hmong mutanen duwatsun ƙasar Lawos ne, da yawa sun yi gudun hijira zuwa Amurka bayan yaƙi. A garin Merced na jihar Kalifoniya aka haifa wa wani gidansu 'ya mace a 1982. Tana wata uku ta fara farfaɗiya. Zuwansu na fari asibiti ba tafinta, har likitoci ba su gane farfaɗiya ba ce. Iyaye sun gaskata kurwar yarinya ce ta firgita ta gudu. Likitoci kuwa sun san ciwon ƙwaƙwalwa ne. Aka yi ta canza magunguna fiye da sau 20, iyaye ba su iya karanta abin da ke jikin kwalba ba, suna kuma ganin magani yana galabaitar da 'yarsu. Likitoci suka ɗauke su masu taurin kai, har hukuma ta karɓe yarinya daga hannunsu na ɗan lokaci. A ƙarshen 1986 ta yi wata babbar faɗuwa, ƙwaƙwalwa ta lalace. Iyalinta suka yi ta jinyarta a gida har ta rasu a 2012. Wata marubuciya, Anne Fadiman, ta rubuta littafi a kan wannan al'amari a 1997, ana kuwa karantar da shi a makarantun koyon likita da yawa. Abin baƙin ciki a labarin shi ne, iyaye suna ƙaunar yarinya, likitoci ma sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba wanda ya zauna ya ji abin da ɗayan yake tunani.

Ƙa'idodin da suka rubuta

Tushen maganar a Amurka wata doka ce ta 'yancin ɗan ƙasa ta 1964. Ta hana duk ma'aikatar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta nuna wa mutum bambanci saboda launin fatarsa ko ƙasar asalinsa. Aka fahimci cewa in ka hana mutum taimako don bai iya Turanci ba, ka nuna masa bambancin asali ke nan. A shekara ta 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni ma'aikatun gwamnati su shirya wa marasa jin Turanci hanyar samun hidima. A ƙarshen wannan shekara kuma Ma'aikatar Lafiya ta fitar da ƙa'idodi 14 na kula da masu ciwo bisa ga harshensu da al'adarsu, waɗanda suke kira CLAS a taƙaice. A 2013 aka sake gyara su suka zama 15.

Ga abin da ke cikin na 2013, a taƙaice. Ta fari ita ce uwar sauran. Ta ce a yi wa kowa jinya mai kyau, wadda zai gane, cikin ladabi, ana lura da abin da ya gaskata game da ciwo, da harshen da ya fi so, da iyakar iliminsa. Uku da ke biye na shugabanni ne: su sa wannan cikin tsarin asibiti, su ɗauki ma'aikata daga irin mutanen da asibiti ke yi wa hidima, su kuma riƙa koya musu kullum.

Huɗu na tsakiya su ne na harshe, su ne kuma muka fi so ku riƙe. A ba mai ciwo tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. A sanar da shi, da baki da rubutu, cikin harshensa, cewa akwai wannan taimako, domin wanda bai san abu yana nan ba, ba zai roƙa ba. A tabbata tafinta ya ƙware, a guji sa wanda ba a koya wa aikin ba, a guji sa yara. A kuma rubuta takardu da allunan nuna hanya cikin harsunan mutanen wurin, da kalmomi masu sauƙi.

Bakwai na ƙarshe na bin diddigi ne. Asibiti ya rubuta harshen kowane mai ciwo, ya san mutanen da ke kewaye da shi da bukatunsu, ya yi shawara da su, ya buɗe hanyar kai ƙara wadda baƙo ma zai iya bi, ya kuma gaya wa jama'a inda ya kai.

Me ya sa suka matsa a kan ƙwararren tafinta? Wani likitan yara, Glenn Flores, da abokan aikinsa sun ɗauki muryar ganawa 13 tsakanin likitoci da iyaye masu jin Sifaniyanci, suka buga sakamako a 2003. Sun ƙirga kuskuren fassara 396, watau wajen 31 a kowace ganawa. Kashi 63 cikin ɗari na kurakuran suna iya taɓa lafiyar yaro. Wanda ya fi yawa shi ne tsallake magana, irin abin da jikan tsohuwar nan ya yi. A ganawa ɗaya an gaya wa uwa ta ɗiga wa yaro maganin sha a kunne. Kurakuran waɗanda aka jawo don su taimaka kawai, kamar dangi da ma'aikatan da ba aikinsu ba ne, sun fi na tafintocin asibiti hatsari.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ƙa'ida a takarda tana tafiya da iskar mulki. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya mai da Turanci harshen gwamnati, ya soke umarnin Clinton. Dokar 1964 kuwa ta majalisa ce, umarnin shugaba ba ya shafe ta. Waɗanda ke da 'ya'ya ko dangi a can, kamar Hausawan Gana da Nijar da ke unguwar Bronx a birnin New York, su gaya musu kada su ji nauyin neman tafinta in sun je asibiti. Sau da yawa ta waya ake kiransa.

Mu fa a gida?

Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. Likitocinmu da Turanci suka yi karatu, na Nijar kuwa da Faransanci. Tun da aka kafa bautar ƙasa a 1973, kowace shekara ana turo sababbin likitoci zuwa inda ba su jin yaren mutane. A Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da kudancin Borno da Gombe, Hausa ce ke haɗa mu. Amma kakanninmu da yawa da Berom ko Ngas ko Jju ko Bura ko Tangale suke jin ciwonsu. Tsofaffin asibitocin mishan, irin na Vom da aka fara a 1922 da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, sun daɗe da sanin cewa baƙon likita ba ya aiki sai da harshen mutane da 'yan ƙasa a gefensa.

Mu ma muna da namu a rubuce, ko da yake kaɗan ne suka sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mai ciwo halin da yake ciki, da irin maganin da akwai, da amfaninsa da hatsarinsa, in da hali cikin harshen da yake ji, yana lura da ko ya yi karatu ko bai yi ba. A 2018 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin masu ciwo, a ciki akwai haƙƙin samun bayani yadda mutum zai gane. Saboda haka wanda ya ce, "Likita, ban gane ba, a sake mini," bai yi rashin kunya ba. Abin da doka ta ba shi ya nema.

Ko da likita da mai ciwo duka Hausa suke ji, ba a tsira ba tukuna. Ku duba kalmominmu. Mace ta ce tana fama da sanyi. Mura take nufi, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara da take jin kunyar kiran sunansa? Shawara a bakinmu tana rufe ciwo iri iri masu sa ido ya yi rawaya, alhali a wurin likita kowanne da dalilinsa da maganinsa. Basir kuwa ya zama buhu, kome ana zubawa a ciki, har da zubar jinin da ke iya zama alamar mugun ciwo a hanji. Wanda ya ce zuciyarsa ke ciwo, wataƙila baƙin ciki ne ya dame shi, wataƙila kuma ƙirjinsa ne ke riƙewa in ya hau tudu.

Ga kuma al'ada. In an ce mana, "Yaya jiki?" amsarmu ita ce, "Da sauƙi," ko da mutum bai runtsa ba daren jiya. Tsakaninmu wannan ladabi ne da dogara. Baƙon likita kuwa yana iya rubuta cewa magani ya karɓe shi. In an tambayi mace haihuwarta nawa, sau da yawa masu rai kaɗai za ta ƙirga, ta bar waɗanda suka koma da cikin da ya zube, alhali su ne ungozoma ta fi bukatar ji. Dattijo zai ce "To" ga duk abin da likita ya faɗa, don girmamawa, ba don ya gane ba. Mai azumi, ko Kirista ne ko maƙwabcinmu Musulmi, yana iya canza lokacin shan maganin ciwon sukari bai faɗa wa kowa ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake wauta. Amma in ba a tambaya ba, ba a kuma faɗa ba, kowannensu yana iya jawo hasara.

Abin da gida zai iya yi

Asibitocinmu da yawa ba su da kuɗin ɗaukar tafinta na musamman. Ba za mu naɗe hannu mu jira ba. Ga abubuwa bakwai da ba su bukatar kuɗi.

1. Tun wurin yankar kati ku faɗi harshen da mai ciwo ya fi ji. Ku tambaya ko akwai nas ko malamin asibiti da ke jinsa. Sau da yawa akwai, ba a dai nema ba ne.

2. Kada ku tura yaro ya zama bakin babba. Ku nemi babban mutum mai hankali, mace ta raka mace, namiji ya raka namiji. Ku tambayi mai ciwo wanda ya yarda da shi. Akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban suruka ba, akwai kuma wanda ba za ta faɗa a gaban miji ba.

3. In kai ne mai fassara, faɗi duka. Kada ka rage don kunya, kada ka ƙara naka ra'ayi, kada ka amsa a madadin mai ciwo. In ba ka san wata kalma ba, ka ce ba ka sani ba. Abin da ka ji a ɗakin likita kuwa ka bar shi a can.

4. Kada ku ba likita sunan ciwo kaɗai, ku ba shi labarinsa. Ina ne yake ciwo, yaushe ya fara, me ke tā da shi, me ke fita, wane launi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a gyara.

5. Ku faɗi abin da aka riga aka sha a gida, ko jiƙo ne, ko saiwa, ko ƙwayar kemis. In da kwalinta ku tafi da shi. Ɓoyewa don tsoron faɗa ta fi faɗan hatsari.

6. Kafin ku fita, ku maimaita wa likita abin da ya ce da bakinku: "Likita, watau wannan fara guda ɗaya da safe, ɗaya da dare, bayan abinci, har kwana bakwai, ko?" In akwai kuskure, nan zai fito. Matambayi ba ya ɓata.

7. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar yarda da aiki sai an bayyana muku abin da za a yi, da dalili, da abin da ke iya biyo baya.

Ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu

Mun san da yawa daga masu karanta wannan shafi nas ne, ko ungozoma, ko malaman asibiti, ko likitoci. Mun san layi yana da tsawo, hannu kuwa kaɗan ne. Amma wani likita Ba'amurke, Arthur Kleinman, tun 1978 ya ba da shawarar 'yan tambayoyi da ba su cin lokaci. Me kuke kiran wannan ciwo? Me kuke tsammani ya kawo shi? Me kuka fi tsoro game da shi? Wane irin magani kuke sa rai? In tsohuwa ta ce sammu ne, ba lalle ku yarda ba, ba kuwa amfani ku yi mata dariya. Kun dai san yanzu abin da ke zuciyarta, kun kuma san dalilin da zai sa ta bar ƙwaya ta tafi wani wuri. Daga nan ne za a fara magana. Ku dubi mai ciwo in kuna magana, ba tafinta ba. Ku ce, "Mama, ki gaya mini yadda za ki sha shi in kin koma gida," maimakon ku ce, "Kin gane?" Wanda aka tsawata wa yau ba zai faɗi gaskiya gobe ba.

Akwai kuma aikin da ya dace da taronmu. A ikilisiya ɗaya ta birni ana iya samun masu jin harsuna goma, da ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya. Zumuntar mata da ta maza suna iya rubuta sunayen waɗanda suka yarda su raka baƙo asibiti, a sa wata tsohuwar nas ta koya musu yadda ake fassara da riƙon asiri. Kada a manta da kurame, waɗanda ke bukatar mai iya maganar hannu. Kada kuma a tsaya ga namu kaɗai. Bafulatanar da ta kawo jaririnta daga ruga, tana tsaye a bakin ƙofa ba ta san inda za ta nufa ba, ita ma maƙwabciyarmu ce.

Har yanzu muna tuna tsohuwar nan da jikanta suna fita da takardar magani a hannu. Da ɗaya daga cikinmu da muke zaune a benci ya tashi ya nemo mata mace mai jin yarenta, da minti goma sun isa. Ba mu tashi ba, muna ganin ba ruwanmu. Mun yi niyya ba za mu sake zama haka ba, muna kuma roƙonku ku yi wannan niyya tare da mu.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan a asibiti, ko ikilisiyar da ta riga ta fara irin wannan hidima, a rubuto mana mu ji, domin waɗansu su ƙaru. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.